Hilux sabuwa: ta ƙasa, ta tsakiya ko ful ofshin? Ina neman shawara

Baban Walida:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san mota, don kuɗin da zan fitar ba kaɗan ba ne. Ina noman shinkafa a fadamar Haɗejiya, da kaka kuma ina shiga ƙauyukan Machina da Yusufari sayen riɗi. Wanda ya san yankin ya san hanyarsa iri biyu ce, da damina laka, da rani rairayi. Kuma motar nan ita ce zan riƙa ɗaukar iyali a ciki zuwa Kano, wani lokaci har Abuja.

Dilan da nake hulɗa da shi ya nuna mini Hilux uku, duk sabbi dal, duk masu ƙofa huɗu. Ta farko fara ce, rim na ƙarfe, giyar hannu, injin fetur 2.7, ba wani ado a jikinta. Ta biyu ya ce GLX ce, injin gas 2.4 mai turbo, rim 17. Ta uku Adventure, V6 4.0 na fetur, otomatik, rim 18, ga kyamara ga fitilu masu haske kamar rana. Ya ce in zan iya jira zai kawo mini GR Sport. Tazarar kuɗin da ke tsakanin ta farko da ta uku ta isa ta sayi ƙaramar mota. Shi dai ta ukun yake ta kwaɗaita mini, ni ma ita ta fi kwanta mini a rai, amma ina so in san ko ƙarin kuɗin nan zai yi mini aiki a cikin laka. Na gode.

Ɗan Dawanau:
Wa alaikumus salam Alhaji. In Allah ya hore, ka ɗauki ful ofshin kawai. Duk ranar da ka tashi sayarwa ita ce ba ta kwana a hannun dila. Allah ya sanya alheri.

Makanikin Panteka:
Alhaji, kafin a zo maganar wacce ta fi kyau, akwai abin da ba ka faɗa ba: duka ukun 4x4 ne, wato masu ja da ƙafa huɗu? Ba tambayar raini ba ce. Toyota tana ƙera Hilux mai tsayi daga ƙasa daidai da 4x4, taya iri ɗaya, fuska iri ɗaya, amma ƙafafun baya kaɗai ke ja. A Tailan ana kiranta Prerunner, a Afirka ta Kudu ma suna da irinta. Ido ba ya bambanta su daga nesa. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi ta gaba, ka ga ko akwai sandunan ƙarfe biyu da suka fito daga tsakiya suka shiga ƙafafun gaba. A ciki kuma ka nemi abin murɗawa mai H2, H4, L4: H2 jan ƙafafun baya kaɗai, H4 jan ƙafa huɗu, L4 jan ƙafa huɗu da ƙarfi a hankali.

Abu na biyu, kada sunan da ke manne a ƙofar baya ya ruɗe ka. Sunayen nan kowace kasuwa da nata. Ƙasashen Larabawa suna da GL, GLX, Adventure. Afirka ta Kudu suna da SR, Raider, Legend. Ostareliya suna da Workmate, SR, SR5, Rogue. Turai suna da Active, Icon, Invincible. GLX ta Saudiyya ba lallai kayan cikinta su zama ɗaya da GLX ta Dubai ba. Saboda haka bidiyon YouTube da Bature ya yi a Ostareliya yana yabon SR5 ba motarka yake bayani ba.

Abin da ba ya ƙarya shi ne ɗan farantin da ke jikin ginshiƙin ƙofa, inda aka rubuta lambar samfuri. TGN126 injin fetur 2.7 ne mai 4x4. GUN125 gas 2.4 mai 4x4. GUN126 gas 2.8 mai 4x4. GGN125 shi ne V6. In ka ga GUN135 ko GUN136, doguwar nan ce da ba ta ja da ƙafar gaba. Harafin da ke biye da lambar, L yana nufin sitiyari a hagu aka ƙera ta, R kuma a dama. In ka ga R alhali sitiyarin yana hagu, juya shi aka yi, ka bar musu abinsu. Ka ɗauko hoton farantin na duka ukun ka sako mana nan.

Baban Walida:
Allah ya saka da alheri Oga. Wallahi ban leƙa ba, gobe in sha Allahu zan koma in ɗauko.

Direban Agadas:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni direba ne, hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma ita ce aikina. Abin da zan gaya maka Alhaji, a Tenere ba ka ganin mai hankali ya shiga da motar da ta cika kwamfuta. Wadda muka yarda da ita Land Cruiser 79 ce mai inji 1HZ, silinda shida, lita 4.2, ba turbo. Ba ta da gudu, amma gazuwal ɗin, wato gas, da ka samu a jarka a Dirku za ta sha ta tafi. In ta tsaya, da ɗan sifana da sukundireba ana tada ta. Tun 1984 ake yin wannan jikin, har gobe ba su canza shi sosai ba, don babu abin da ya lalace da za a gyara.

In kuma lallai sai Hilux, to ta farkon nan mai rim na ƙarfe. Rim na ƙarfe in ya daki dutse lanƙwasa yake, ka sa guduma ka miƙe shi ka ci gaba. Na alminiyum tsagewa yake, iska ta fita, shi ke nan. Duk wani maɓalli da aka ƙara maka a mota, abin lalacewa aka ƙara maka. Ku da kuke kusa da gari kuna iya kiran mai kwamfuta ya zo ya jona. Mu in ta mutu tsakanin rijiya da rijiya, maganar rai ake yi.

Ɗan Dawanau:
Malam direba, shi fa Alhaji ba Bilma zai je ba. Yusufari zai je ya dawo ya kwana a Gashuwa. Kuma matarsa da 'ya'yansa za su zauna a motar nan awa da awanni. Ka taɓa zama a kujerar bayan Land Cruiser 79 daga Kano zuwa Abuja?

Direban Agadas:
Gaskiya ne, ba motar jin daɗi ba ce. Amma tudun rairayin Tulo-Tulowa ba wasa ba ne shi ma, wanda ya je ya sani.

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum. Ku gafarce ni in sa baki, don ina kula da motocin wata ƙungiya da ke kai magunguna ƙauyuka, kuma ni uwa ce. Duk maganar da ake yi ta laka ce da rairayi. Amma ku duba lissafin tafiyar Alhaji da kyau. Daga Haɗejiya zuwa Kano kwalta ce, daga Kano zuwa Abuja kwalta ce, har hanyar Gashuwa yawancinta kwalta ce. Kafewa a laka asarar yini ce, a nemo tarakta a ja ka. Abin da ke ɗaukar rai yana kan titi, lokacin da kake gudu taya ta fashe ko akuya ta faɗo maka.

A-kori-kura doguwa ce, kuma in babu kaya bayanta ba nauyi. In ka kauce wa abu da sauri, bayan ne ke fara zamewa. Akwai na'urar da ake kira VSC, ita ke taka birkin ƙafa ɗaya da kanta ta dawo da motar kan hanya kafin ta juya. Wasu daga cikin na ƙasan nan da ake kawowa ba su da ita. Haka iyabag, jakar iskar da ke buɗewa in an yi haɗari: wata biyu ko uku ne gare ta duk a gaba, wata kuma bakwai har da na gefe da ke saukowa ta kan taga su kare waɗanda ke baya. 'Ya'yanka a baya za su zauna, Alhaji. Wannan ba ado ba ne, kuma ba abin da za ka je kasuwa daga baya ka sa a ɗaura maka ba ne.

Mu a wajen aiki na ƙasa muke saye, gaskiya, irin waɗanda ƙungiyoyin agaji ke oda daga Toyota Gibraltar, farare marasa kwalliya. Amma direbobinmu an horar da su, an kuma ƙayyade musu gudu, da magariba mota ta shiga gida. Motar iyali ba haka take ba. Ni dai ba zan ce ka sayi mafi tsada ba, amma kada ka sauko ƙasa da inda VSC take.

Makanikin Panteka:
Hajiya ta faɗi abin da nake shirin zuwa gare shi. Ni yadda nake raba wa masu zuwa garejina shi ne: kayan mota akwai wanda ake ƙarawa bayan an saya, akwai wanda in ba ta fito da shi daga kamfani ba to sai haƙuri.

Allon taɓawa, kyamarar baya, rigar kujera, fitila, ƙarfen bamba, matakalar gefe, ƙarfen da ake gicciyawa a bodi, duk ana samunsu a Ƙofar Ruwa ko nan Panteka, a ɗaura maka cikin yini ɗaya. Taya ma haka. Amma inji, giya, 4x4, VSC, yawan iyabag da diflok, waɗannan su ake biya wa kuɗi ranar saye.

Bari in tsaya a kan diflok, don shi ne maganar fadama. Ƙafafun baya biyu ba a haɗe suke kam ba, an yi su ne yadda ɗaya za ta fi ɗaya juyawa in ana shan kwana. Illar haka, in ƙafa ɗaya ta faɗa santsi ko ta ɗaga sama, ƙarfin duk can yake tafiya. Za ka ga taya ɗaya tana ta wulwulawa tana watsa laka har kan rufi, ɗayar da ke kan busasshiyar ƙasa tana tsaye ko motsi ba ta yi. Ko a 4x4 haka na faruwa, ta gaba ɗaya ta baya ɗaya su yi ta juyawa a banza. Diflok maɓalli ne da ke kulle na bayan su juya tare dole. A Hilux sai kana L4 yake shiga, kuma a tsaye ko kana tafiya a hankali ƙwarai. Da ka fita daga wurin ka cire shi, don da shi mota ba ta son kwana.

To ga inda mutane ke mamaki: ba tsadar mota ke nuna tana da shi ba. Ka duba maɓallan da ke ƙasan rediyo, akwai mai hoton ƙafafu huɗu da alamar X tsakanin na baya. In babu shi, babu shi, ko me dila ya ce.

Wani abu kuma da zan roƙe ka tun yanzu, ko wacce ka saya: kada ka yi tafiya a H4 a kan busasshiyar kwalta. Hilux ba ta da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, sai ƙarfen ya yi ta murɗuwa har ya ci wani abu. H4 na ƙasa ne da rairayi da santsi. Ana iya shigarsa ana tafiya, amma L4 sai ka tsaya cak ka sa giya a firi.

Ɗan Gembu:
Ina gaisuwa. Ni maganar inji zan yi. Mu nan Mambila muna sama da mita 1,500, daga Mayo Selbe ka fara hawa sai ka ji mota ta canza murya. Injin da ba turbo iska ba ta isarsa a sama. 2.7 ɗin nan inji ne mai amana, ba ya ba da wahala, kowane makaniki ya san shi, amma ƙarfin jansa wajen 245 Nm ne kawai, kuma sai ka matsa masa wuta kafin ya bayar. Gas 2.4 yana ba da 400 tun injin bai ɗaga murya ba. 2.8 na bayan 2020 mai otomatik 500 ne. V6 yana da doki da yawa, sama da 230, amma jansa bai kai na 2.4 ɗin ba, 376 ne. A laka da kaya a baya, jan nan na ƙasa-ƙasa shi ake nema, ba gudu ba.

Ƙauyukanmu har yau tsofaffin Land Rover ke shiga da buhunan masara, su ma ba don gudu ba. Da ni ne, ta tsakiyar zan ɗauka.

Ɗan Dawanau:
Gas fa? Ka san yadda ake haɗa shi da kananzir a hanya? Nozul ɗaya na injin nan in ya mutu sai ka ji a jikinka, kuma huɗu ne. Fetur ko na bumburutu ne V6 zai sha.

Ɗan Gembu:
Zai sha kam, da yawa ma. Tankin lita 80 ne a dukansu. Ka cika V6 ka shiga rairayi a L4 da iyakwandishan a kunne, ka ga yadda allura ke sauka. Lokacin da ake da tallafi ba wanda ya damu. Tun 29 ga Mayun 2023 lissafin ya canza, wanda duk ke da V6 ya san haka.

Makanikin Panteka:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, kuma wannan ita ce tambayar da Alhaji kaɗai zai iya amsawa: a ina zai riƙa shan mai? Injin gas ɗin Hilux, wanda ake kira GD, yana tura gas da matsi mai tsanani ta ramukan da suka fi gashi siranta. Ruwa da datti su ne ajalinsa. In zai riƙa cikawa a babban gidan mai da ya yarda da shi a Haɗejiya ko Gashuwa, ya ɗauki jarkarsa daga can, ba matsala. A ƙara masa filta ta biyu mai raba ruwa kafin ta kamfanin, a riƙa canzawa a kan lokaci, kuma ranar da fitilar ruwa ta kama a dashbod a tsaya a tsiyaye shi nan take, ba sai an isa gida ba. In kuwa ya san yaransa za su riƙa sayen na galan a bakin kasuwar ƙauye, to ya sayi mai fetur ya huta.

Gargaɗi ɗaya: kada a kawo maka mai gas da aka yi wa Turai. Suna da tukunyar tace hayaƙi a salansa, suna kuma shan wani ruwa da ake kira AdBlue. Gas mai yawan sulfa yana toshe tukunyar, mota ta rage ƙarfi da kanta, in ruwan ya ƙare kuma ta ƙi tashi. Invincible tana da kyau a ido, amma ba don Machina aka yi ta ba.

Abban Zango:
Gaisuwa daga Kumasi. Me ya sa kowa Toyota Toyota? Ford Ranger fa? Wildtrak ta fi Hilux daɗin zama nesa ba kusa ba, Raptor kuwa in ta bi hanya mai gargada kamar ba ta taɓa ƙasa. Shokozobanta na Fox ne, bayanta kuma sifirin mai naɗi ne ba na faranti ba.

Maman Sadiq:
Yaya, wannan daɗin shi ne matsalarta ga manomi. Sifirin mai laushi ba ya ɗaukar kaya. Raptor tana cikin mafi tsada a gidan Ranger, amma kayan da aka yarda ta ɗauka bai kai na XL da ke ƙasa ba, kuma tana jan tirela mai kilo 2,500 ne alhali yawancin sauran suna jan 3,500. An yi ta ne don gudu a daji ba kaya.

Wannan ya shafi Hilux ma, Alhaji. Nauyin da aka yarda mota ta kai gaba ɗaya ƙayyadadde ne, to duk abin da aka ƙara mata na ado daga rabon kayanka ake cirewa. A ce tana ɗaukar wajen tan ɗaya. A ciki har da kai da mutanen da ka ɗauka. Maza biyar sun kai kilo 350. Saura 650, wato buhun taki 13 na kilo 50. In ka ɗaura ƙaton bamba na ƙarfe da winci, cire wasu buhunan. Na san ana loda musu ninkin haka, muna gani a hanya bayan mota ya zauna fitila tana kallon sama. Amma birkin ba a yi shi don haka ba.

Abban Zango:
Na karɓa Hajiya. Amma XLT fa, ita ce ta tsakiya a wajensu.

Makanikin Panteka:
Mota ce mai kyau. Tambayar ita ce in wani abu ya karye a Gaidam ranar Laraba, yaushe kayan zai iso? Na Hilux kafin la'asar an samo, ko sabo ko na Beljiyam. Wannan ne kawai dalilin da ya sa ban kawo ta ba.

Direban Agadas:
Bari in ƙara magana a kan taya, don na ga an wuce ta, alhali a rairayi ita ce gaba da diflok. Asirin rairayi rage iska ne. Taya da ma'aunin iska ke nuna kusan 30 a kan kwalta, ka sauke ta zuwa 18, sai ta baje ta yi tsawo a ƙasa, mota ta hau saman rairayi maimakon ta tona shi. Mun sha tarar da mutane sun kafe har ciki ya zauna, ba mu ja su da igiya ba, iska muka sace musu muka tone gaban tayoyi da hannu, suka fita.

To rage iska yana son taya mai kauri daga rim zuwa ƙasa. Taya mai lamba 265/65 a rim 17 tana da kaurin wajen milimita 172. 265/60 a rim 18 tana da 159. Kamar kaɗan ne a takarda, amma in ka rage iska ka hau kan dutse ko kututture, wannan ɗan bambancin shi ke tsakanin rim da ƙasa. Kuma tayar rim 18 ta fi wuyar samu a ƙananan garuruwa. Ka lura ma, GR Sport mai faɗin nan da Toyota ta fitar a 2023 don daji, rim 17 suka sa mata, ba 18 ba. Su da kansu sun sani.

Ka sayi famfon iska mai jonawa da batir, da ma'aunin iska, da shebur. Da ka hau kwalta ka mayar da iskar, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe.

Ɗan Dawanau:
To GR Sport ɗin ke nan ita ce amsa, tunda ta haɗa duka.

Ɗan Gembu:
Ta gaske mota ce, ba musu. An faɗaɗa tsakanin ƙafafunta, an ɗaga ta, an canza shokozoba, birkin bayanta faranti ne ba ganga ba. Amma amfanin waɗannan yana fitowa ne in kana gudu a hanya mai gargada. A cikin lakar fadama da kake tafiya kamar mai tafiya a ƙasa, GLX mai diflok da taya mai haƙora za ta bi duk inda ta bi. Kuma faɗin nan a kan siririyar hanyar da ke tsakanin fangalolin shinkafa ba alheri ba ne.

Makanikin Panteka:
Kuma a yi hattara da wadda za a kawo. Yanzu sana'a ce guda: a ɗauki Hilux ta 2016, a canza mata fuska da fitilu da bamba da sitiyari, a manna GR, a naɗe kujeru da leda, ta fito kamar yau aka sauke ta daga jirgi. Masu yi ba ɓoyewa suke ba, mai mota ne ke kai musu. Matsalar sai ta shiga hannu na biyu da na uku. Ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe, akwai ɗan ƙyalle a gindinsa mai shekarar da aka yi shi. Ka leƙa ƙafar baya ka ga birkin. Lambar shasi in ta fara da MR0 daga Tailan take, AHT Afirka ta Kudu, 8AJ Ajantina. Ka kuma tambayi garanti a rubuce: wa zai gyara in wani abu ya taso, a wane gari? Motar da aka saya a wurin wakilin kamfani daban take da wadda ɗan kasuwa ya ɗauko daga Dubai, ko da duk sabbi ne. Takardun kwastan ma ka kai a tantance kafin ka biya.

Kawu Na Gusau:
Ɗana, ni ban san inji ba, amma na girme ku, ku saurara. Duk wanda ke shiga daji a wannan zamani ya yi tunanin idon da ke kallonsa. Baƙar mota mai ƙyalli da jan rubutu a gefe, tun daga nesa an san mai kuɗi ne a ciki. Ka shiga kasuwar ƙauye da ita sayen riɗi, farashi ma sai ya tashi kafin ka fito. Ban ce fara mara ado ta tsare ka ba, tsari na Allah ne, kuma ita ma wasu suna ɗaukarta ta hukuma ce. Amma kada ka ƙara wa kanka abin da zai sa a riƙa nuna ka. Ka sa mata na'urar bibiya, kuma kada ka yi dare.

Baban Walida:
Na gode Kawu, wannan maganar ta shige ni. Allah ya ƙara girma.

Na koma wurin dilan yau da safe, ga abin da na gani. Ta farko TGN126L ce, 4x4 ce, amma babu maɓallin diflok, babu na VSC. Ta biyu GUN125L, lambar shasi ta fara da MR0, akwai diflok, akwai VSC, giyar hannu ce mai shida. Na duba ginshiƙan gefe da jikin kujeru ban ga rubutun iyabag ba, sai a sitiyari da gaban fasinja da wajen gwiwar direba. Adventure GGN125L ce, tana da duka, har da iyabag na gefe. Na zauna a bayan kowacce. Ta farkon ba ta da ramin sanyi a baya, sauran biyun suna da shi.

Yanzu ta farko ta fita. Raina ya koma kan ta biyu saboda mai da kuma taya, amma maganar Hajiya ta iyabag ɗin baya ta tsaya mini.

Maman Sadiq:
To ka tambaye shi ko akwai mai gas da ke sama da wannan GLX ɗin kaɗan, wadda ke da bakwai ɗin. Sau da yawa akwai wani mataki tsakanin ta tsakiya da ta sama da dilaloli ba sa ajiyewa saboda ba ta da sunan da ke jan ido. In sai an yi oda, jiran wata biyu bai kai komai ba a motar da za ka riƙe shekaru. In kuma babu, VSC ɗin ita ce babba, ka same ta. Sai ka dage kowa ya ɗaura bel a baya, ƙananan kuma a saya musu kujerar yara.

Ɗan Dawanau:
Ni har yanzu ina kan Adventure. Rim ai ana canzawa, a sa mata 17. Tana da diflok, tana da iyabag, ba ruwanka da gurɓataccen gas. Mai kawai za ka biya.

Makanikin Panteka:
Wannan ma hanya ce, ban ƙi ta ba, 17 yana shiga ba tare da an taɓa komai ba. Sai dai Alhaji ya zauna da biro ya lissafa kilomitan da yake ci a shekara, ya tambayi masu V6 biyu ko uku nawa suke sha tsakani da Allah. In mai gas 2.8 mai iyabag bakwai ta samu, GUN126L, ita ce ta haɗa abin da Hajiya ke so da abin da Ɗan Gembu ke so.

Baban Walida:
Na kira shi yanzu. Ya ce 2.8 ɗin tana samuwa amma sai an yi oda, kuma otomatik ce. Na ce ya turo mini takardar bayanin kayanta da lambar shasi kafin in ba da ko sisi. Oga, otomatik ba za ta ba ni matsala a laka ba?

Makanikin Panteka:
Ba za ta ba ka ba. A rairayi ma ta fi, don ba a yanke wuta wajen canza giya, kuma babu kulocin da yaranka za su ƙona. Abu biyu ne kawai: in batir ya mutu ba a tura ta ta tashi, saboda haka ka ajiye wayar jona batir a mota. Sannan in kana jan kaya a rairayi mai zurfi ka sa L4 tun kafin ka shiga, kada man giya ya yi zafi. Tayoyin da za ta zo da su na kwalta ne, ka yi ciniki da shi ya karɓe su tun suna sabbi ya sa maka masu haƙora guda biyar har da safaya. In takardar ta iso ka sako ta nan mu duba layin diflok da na iyabag, don wani lokaci abin da ke cikin takardar talla daban yake da abin da ke jikin motar da aka loda.